Ƙofar Tantin Kaltum

Madam Folake mai shagon littattafai ce ta kawo wa Kaltum albishir har gida a Azare: katunan gaisuwar da take haɗawa sun ƙare kaf a Abuja.

Kwali ne kawai da ƙyallen atamfa: tanti, wuta, taurari uku.

"Hajiya, masu zuwa daji shaƙatawa rububinsu suke! Wai ƙofar tantin a buɗe take, kamar tana yi musu maraba. Ke ma kin taɓa irin wannan hutun?"

"Shekara biyu cur," in ji Kaltum. "A sansanin gudun hijira."

Daga tantin nan mijinta Babagana ya fita neman itace, ya ce kar ta rufe, yanzu zai dawo. Bana shekara tara.

Kullum in ta manna ƙyallen, sai ta sa farce ta ɗage ƙofar.