Dokar Awa Huɗu

Karo na uku ke nan da tsoho Anacleto ya daki ƙarfen gadon da tafin hannunsa, har ledar ƙarin ruwan ta yi lilo.

"Likita, na ce ki ƙara mata allurar morfin!"

Jikarsa Jandira ce a kan gadon, 'yar shekara goma sha biyar, ta dunƙule wuri ɗaya tana cizon zanen gado. Tun da sassafe sikila ta tashi mata a gidansu da ke tsibirin Itaparica a ƙasar Brazil. Ya sako ta a jirgin ruwa zuwa Salvador daga shi sai silifa da rigar da yake gyaran komar kamun kifi da ita, ƙarnin kifi na biye da shi. Da suka iso asibitin koyarwa bai tsaya tambayar kowa ba, ya tura ta a keken marasa lafiya kai tsaye zuwa hawa na uku, sashen cututtukan jini.

Ƙarfe goma aka yi mata allurar morfin, mai kashe raɗaɗi. Yanzu sha ɗaya da rabi, kuma sai ka ce ruwa aka ɗura mata.

Likita Taiane ce ke zagayen marasa lafiya ranar, ɗalibai shida na biye da ita, kowanne rungume da littafi. Yarinya ce mai ƙwazo, irin waɗanda in an ce ga layi ba sa tsallakewa ko da gobara ake yi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Dokar sashen nan ce, sai an cika awa huɗu tsakanin allura da allura. Ƙarfe biyu za a sake yi mata."

"Ƙarfe biyu? Dubi yarinyar nan da kyau ki sake faɗa min ƙarfe biyu!"

Maimakon ta dubi yarinyar, sai ta juya ga ɗalibanta ta sassauta murya, a tunaninta tsohon ba zai ji ba. Ta ce su lura, duk sa'ad da mara lafiya ko ɗan uwansa ya kira maganin da sunansa kuma ya nace, dokar ta ce a rubuta a fayil, don alama ce ta sabo da ƙwaya. Kawuna shida suka duƙa, alƙaluma shida suka kama aiki.

Nan ne ran Anacleto ya ɓaci matuƙa. Abin da ya fi ƙona masa rai ba kunnen ƙashin likitar ba ne, yadda yaran nan ke kwafe maganar ne ba tare da ko ɗaya ya ɗaga gira ba. Gobe su ma za su tsaya a kan 'yar wani su faɗa, jibi su koya wa wasu. Ya sa babban yatsa ya daidaita gudun ruwan da ke ɗiga a hannun Jandira, sannan ya juyo.

"Mutum arba'in da ɗaya!" ya daka tsawa. "A kan mutum arba'in da ɗaya aka yi binciken da ya haifi wannan shirmen, kuma ba a tambayi ko ɗayansu yadda yake ji ba. Agogo aka duba, ba fuska ba!"

"A waya ka karanto wannan ko, Baba?"

Wani ɗalibi ya ƙunshe dariya. Jandira ta saki wani nishi da ya sa matar gadon kusa ta juya fuskarta bango.

"Wanda ya rubuta dokar nan jaki ne," in ji Anacleto, muryarsa na tsagewa. "Matsoraci ne, mai son a buga sunansa a mujalla. Bai taɓa jin yadda ƙashi ke ciwo ba. Yana zaune a ofis da kofi a gabansa yana yanke wa 'ya'yan talakawa awannin azaba, don ya tabbata abin ba zai taɓa shigowa gidansa ba!"

Sai a lokacin likitar ta fusata ita ma.

"Ka iya bakinka! Mutumin da kake zagi shi ya kafa sashen nan tun ba a haife ni ba. Ban taɓa ganinsa ba, amma da littafinsa na ci jarrabawa, malamaina duk ɗalibansa ne. Kai wane ne da za ka shigo da warin kifi ka ci masa mutunci? A kira min masu gadi!"

Anacleto ya sunkuyar da kai. Kunya ta lulluɓe shi. Ya tsaya riƙe da ƙarfen gadon, hawaye na sauka cikin furfurar gemunsa.

Jandira ta saki zanen da take cizo. Da ƙyar ta ɗago kai, ta dubi kakanta da jajayen idanu, sannan ta dubi likitar.

"Ki bar shi ya yi zaginsa, likita," in ji ta. "Shi ya rubuta dokar."