Kwalbar da Ba Ta da Hatimi

Shekara goma sha tara Baba Sannu yana jan motar ma'aikatan wata masana'anta. Ma'aikatan ne suka raɗa masa sunan, wai har mai keke yakan wuce shi. Ko sigari bai taɓa kai wa baki ba.

Ranar da aka zo yi wa direbobi gwajin ƙwaya, shi ne farkon layi. Masu gwajin, waɗanda kamfanin ya ɗauko saboda arha, suka karɓi kwalbar fitsarinsa. Ba hatimi, ba lamba. Wata ma'aikaciyarsu ta rubuta sunansa a guntuwar takarda, ta manna a jiƙaƙƙiyar kwalbar, ta jefa cikin kwali.

"'Yata, takardar nan ba za ta faɗi ba?"

"Baba, matsa ka ba na bayanka wuri."

Bayan kwana uku manaja ya kira shi. "An samu ƙwaya a fitsarinka. Ajiye makulli."

"Ni, ranka ya daɗe? Don Allah a sake gwadawa! A ɗebi jinina ma yanzu!"

"Takarda ce ta faɗa, ba ni ba."

Ya garzaya ɗakin gwajin, ya durƙusa gaban mai wurin, yana roƙon a duba ragowar fitsarin.

"Wace ragowa? Mun zubar tun jiya."

Ya je babban asibiti aka gwada shi, ba a samu komai ba. Manaja ko duba takardar bai yi ba. "Bayan mako guda? Ai ta bar jikinka."

Duk inda ya nemi aiki, labarin ya riga shi isa. Abin da ya karya shi, ranar da ya shigo ɗaki ya tarar da matarsa tana lalube aljihunan rigunansa ko za ta ga ƙwaya, tana kuka. Washegari hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Wata biyu bayan nan, direban da aka ba motar ya afka wa tirela a buge. Ma'aikata huɗu suka rasu. Bincike ya nuna takardun sunaye sun saɓule a cikin kwalin, aka mayar da su bisa zato. Kwalbar wannan direban ce ta ɗauki sunan Baba Sannu.

Manaja ya zo gida ba da haƙuri, da makulli a hannu. Baba Sannu ya dubi hannunsa da ya mutu, hawaye na bin gemunsa.

Jama'a, gwajin ƙwaya ba aikin gaggawa ba ne. A kai shi ɗakin gwaji mai lasisi, a rufe kwalba da hatimi a gaban mai ita, a ajiye ragowa, a sake tabbatarwa kafin a yanke wa kowa hukunci. Gwajin ganganci yana kashe mai gaskiya, ya saki mai laifi a kan hanya.