Cokali a Gaban Kyamara

"Riƙe wayar da kyau, Kumatu, hoton yana rawa."

Yarinyar ta gyara tsayuwa, ta haɗa hannu biyu a kan wayar. Uwarta ta cika cokali da shinkafa, ta ɗaga shi saitin kyamara, ta kai baki tana murmushi. Aikinsu ke nan kullum da rana yanzu: uwa ta ci, 'ya ta ɗauka, duniya ta shaida.

Anti Kwalliya mabiyanta na intanet suke kiran uwar. Ta buɗe shafinta ne don koya wa mata masu jiki zaɓen tufafin da za su karɓe su, lokacin ita kanta da ƙyar kujera mai hannu take ɗaukarta. A wancan lokacin zagin iri ɗaya ne: buhu, tanki, wa ya kwance giwa. Takan karanta su da ƙarfi a falo tana dariya, don 'yarta ta koyi cewa bakin mutane ba ya karya ƙashi. Wani ya taɓa rubutawa a ƙarƙashin hotonsu su biyu, "Ƙaramin buhu ya biyo babba." Shi ma ta karanta, ta yi dariya har da hawaye.

Sai likita ya ce sukari ya yi mata yawa a jini. Ta rage zaƙi, ta fara tafiyar ƙafa da safe, nama ya zube. Waɗanda suka ce buhu su ne suka koma cewa tsinke. Daga nan magana ta sauya launi: wai yunwa take horar da kanta da ita, wai tana da ciwon nan na ƙin abinci. Kamfanin da take tallata wa kaya ya ce a ɗan dakata tukuna. Yayarta ta kira ta tana kuka, ta ce ta faɗa mata gaskiya tsakaninta da Allah.

Shi ya sa ta fara cin abinci a gaban kyamara.

Yawancin masu zagin ba su dame ta ba, ta saba. Mutum ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Shafinsa ba hoto, ba suna, sai ɗigo guda. Ba ya zagi, ba ya ba'a. Layi ɗaya yake ajiyewa a ƙarƙashin kowane bidiyo.

"Tana taunawa ta tofa a takarda."

"Tana buɗe famfo don kada a ji ta."

"Gashinta ya fara zuba, ba wanda ya lura."

Mutane suka yi caa a kan maganganun nan, suna cewa na gida ne ya fasa ƙwai. Aka riƙa ɗaukar hoton rubutun ana yaɗawa. Anti Kwalliya ta toshe shafin, washegari wani ɗigon ya ɓullo. Ta zargi maƙwabciyarta, ta daina amsa gaisuwarta. Ta zargi ƙanwar tsohon mijinta. Ranar da ta ga dunƙulen gashi a magudanar banɗaki, ta daɗe a gaban madubi tana bincikar kanta, ba ta ga inda ya ragu ba.

"Ƙarya suke yi miki, Mama," in ji Kumatu. Tana zaune a ƙasa cikin tsohuwar rigar sanyin babanta, tana goge munanan maganganu kafin uwar ta gani. Shekararta goma sha huɗu, ta fi uwar sanin kan waya, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

"Ke kaɗai gare ni. Kin ci abinci?"

"Na ci a makaranta."

Ran Asabar mai ɗigo ya rubuta, "Jiya jiri ya kayar da ita a kan matakala. Ta ce santsi ne."

Wannan ya kai ta bango. Ba ta taɓa faɗuwa a matakala ba. Ta ce yau za a yi ta ta ƙare, kai tsaye, a gaban kowa. Ta soya kaza, ta dafa taliya, ta jingina wayar a jikin kwalbar ruwa, ta jawo 'yarta kusa da ita.

"Ga 'yata, ita take kwana da ni take tashi da ni. Faɗa musu, ina ci ko ba na ci?"

"Tana ci," in ji Kumatu.

"To mu nuna musu yadda ake ci a gidan nan."

Ta zuba wa kanta, ta zuba wa yarinyar har ya yi tozo. Suka ci, dubban mutane suna kallo. Duk lokacin da cokalin yarinyar ya yi sanyi sai uwar ta zungure ta da gwiwar hannu tana dariya, har faranti biyun suka koma fes. Ta ɗaga su ga kyamara ɗaya bayan ɗaya. Alamun zuciya suka cika fuskar wayar. Kumatu ta ce bari ta wanke hannu, ta shige banɗaki ta buɗe famfo.

Anti Kwalliya ta kashe kyamarar, murmushin ya bar fuskarta. Cikinta ya yi nauyi, yatsunta duk maiƙo. A haka ta nemo shafin mai ɗigo, karon farko ta rubuta masa saƙo shi kaɗai. Ta ce ya gani da idonsa. Ta ce ya raba ta da aikinta, ya raba ta da mutane, Allah ya isa tsakaninsu. Ta ce in ya haifu, ya faɗa mata abin da ta yi masa da yake ƙulla mata wannan sharrin.

Saƙon ya nuna an karanta. Aka fara rubutu, aka tsaya, aka sake farawa. Ta zauna a gaban farantan tana jira, sai amsar ta shigo.

"Ba da ke nake ba, Mama."