Rijiya Mai Matakai

Dakta Barira, kin ce manhajar da kika rubuta ta hasashen saukar damina tana aiki lafiya lau, kuma ba ki da lokacin rubuta bayanin yadda kika gina ta, tunda wata mai zuwa za ki koma wani wurin aiki. Na ji ki. Amma manoman da suka fara dogara da ita ba za su bi ki can ba, kuma ran da ta cije babu wanda ya san inda zai taɓa. Bari in ba ki misali.

An yi wasu mahaƙa rijiya biyu a wani gari. Na farko akwai zafin nama, kwana ashirin ya cimma ruwa, ya fito ya karkaɗe jiki, aka yi ta sa masa albarka. Bangon rijiyarsa sumul, shi kaɗai ya san yadda yake sauka. Na biyun kuwa har gori ake yi masa, wai sai ƙishirwa ta gama da mutane kafin ya gama. Duk kamu ɗaya da ya haƙa, sai ya tsaya ya sassaƙa gurbin sa ƙafa. Inda ya tarar da rairayi mai zubewa, ya ɗaure shi da dutse ya yi alama. Da ya gama ma bai tafi ba, sai da ya saukar da mutum uku na unguwar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannunsu a kan idon ruwan. Da suka fara ƙorafin ya cika dogon bayani, sai ya ce, "Ni tafiya zan yi, rijiyar ce za ta zauna da ku."

Shekaru suka shuɗe, duka biyun sun bar garin. Aka yi wani rani mai tsanani, rijiyoyin suka cushe, guga ya riƙa dawowa da taɓo. Aka leƙa ta farko, ba wurin sa ƙafa, ba wanda ya san inda bangon yake da rauni, kowa kuma da iyalinsa. Aka jera itace aka rufe ta, alhali ruwan yana nan a ƙasa. Ta biyun kuwa, ɗaya daga cikin ukun nan, wanda tsufa ya riga ya kama, ya zauna a bakinta yana kwatance. Mutanen da ba su taɓa ganin mahaƙin ba suka bi matakansa suka yashe ta, suka ƙara mata zurfi, suka sassaƙa nasu matakan a ƙasan nasa. Kafin la'asar mata na cika tuluna.

Ni dai na sha takaicin irin rijiyar farko, kwamfutocin sashen nan cike suke da su, har da wadda na haƙa da hannuna ina saurayi. Taki ba ta cushe ba tukuna. Ki ware mako biyu ki rubuta bayanin, ki ajiye manhajar inda kowa zai samu, sannan ki zaunar da abokan aikinki biyu su sarrafa ta kina gefe, hannunki a naɗe. Hausawa dai sun ce, don tuwon gobe ake wanke tukunya.