Wanda Ya Ƙona Katinsa Tun Makon Farko

Tela ya sake zura shebur cikin kwatar layinsu, ya ɗago baƙin taɓo har da mushen ɓera. Ya tofar da yawu.

Dokar gasar ƙwallon waya ta layin ke nan: kowa ya zaɓi 'yan wasansa, ya samu maki gwargwadon ƙwazonsu a fili, kuma duk wata na ɗaya ne ke yanke wa na ƙarshe hukunci. Tela ne na ƙarshe. Na ɗayan, mai ɓuya da sunan "Ba Jira", ya ce a yashe kwata.

"Sa'a ce kawai, Inna!" ya ce wa mahaifiyarsa da ke zaune a ƙofar gida ta toshe hanci. "Katin ninka makin kyaftin sau uku, masana duk sun ce a adana shi sai ƙarshen kakar wasa. Wannan sakaran ya ƙona nasa tun makon farko!"

Inna ta ciro wayarta, ta gyara tabarau, ta nuna masa sunanta a gasar: "Ba Jira".

"Sakaran nan dai shi ya haife ka. Ni da hawan jinin nan, wane masani ne ya yi mini alkawarin ƙarshen kaka? Kwashe can gefen ma."