Yaron da Take Yi Wa Kuka

Yau ma na dawo daga fadama na tarar da matata Ummussalma riƙe da waya tana sharɓar kuka. Fassararren fim ɗin nan ne dai, na saurayi da budurwa masu ciwon ajali.

Na ce, "Ni da na kwanta zazzaɓi ko ƙwalla ba ki yi ba!"

Ƙanwata Talatu ta kwashe da dariya. "Haba Yaya, kishi da ɗan fim?"

Kunya ta kama ni, na zauna kallo. Yaron fim ɗin ya ce, "Ko na mutu, ke tawa ce."

Na kasa kunne. Muryar Muttaka ce, tsohon saurayin Ummussalma da ya bar Haɗeja ya koma Kano fassarar finafinai.

Na waiwaya na dube ta. Ashe ido rufe take kallon.