Tseren da Baba Bai Gani Ba

Ina yaro, Baba ya rufe shagonsa na garin Dengfeng a ƙasar Sin, muka fita bayan gari, muka hau dutse kallon tseren keke. Da can gyaran keke yake yi a Kano, shi ya sa ya fi ni zumuɗi. Muka gaji da jira, ya shimfiɗa kwali ya ta da sallar la'asar. Yana sujada 'yan tseren suka wuce fuu! Da ya sallame, titi wayam.

Ya yi dariya, ya jawo ni jikinsa. "To, ba ni labari, kar ka rage komai."

Yanzu labarai sun taru mini fal, amma babu mai ce mini haka.